Aikin Bishiya a Flatbush: Wane Inji, Wace Ƙofa?

Tambayar da ta fi fitowa daga bakin matasanmu da suka gaji da tuƙin tasi ko kai abinci a kan keke a Brooklyn ita ce: wane injin zarto zan saya in shiga aikin bishiya? Wasu har sun tsayar da kamfani, Stihl ko Husqvarna, lambar injin kaɗai suke jira a faɗa musu. Tambayar tana da ma'ana, amma ta yi gaggawa. Akwai waɗanda suka riga ta. Bishiyar ta wa ce? Wa doka ta yarje wa ya taɓa ta? In reshen ya faɗa kan motar maƙwabci, wa zai biya? Kuma ta wace ƙofa injin zai bi ya isa gindinta? Wanda ya amsa waɗannan zai ga cewa zaɓen inji ya kusa warware kansa.

Mu fara da unguwar. Flatbush ba iri ɗaya ba ce. A ɓangaren Prospect Park South da Ditmas Park, a tituna irin su Albemarle da Argyle da Rugby, akwai manyan gidajen katako masu baranda, kowanne a tsaye shi kaɗai da ɗan filinsa. Dean Alvord ne ya fara yanka Prospect Park South a 1899, kuma tun wancan zamani ake dasa bishiyoyi a bakin titi. Yau rassansu sun haɗe a sama sun rufe hanya. Da ka nausa gabas zuwa East Flatbush, sai gidajen bulo a jere, kafaɗa da kafaɗa, da ɗan tsakar gida a baya wanda wani lokaci ba ka isa gare shi sai ta siririn lungu, ko ma ta cikin falon mai gida. A arewa ga Prospect Park mai bishiyoyi wajen 30,000, a yamma kaɗan ga maƙabartar Green-Wood da aka kafa a 1838, wadda ita ma take cike da tsofaffin itatuwa. Aiki dai akwai shi. Ƙidayar da birnin ya yi a 2015 zuwa 2016 ta samu bishiyoyin bakin titi sama da 666,000 a faɗin New York, ban da na lambuna da na cikin gidaje. Shirin dasa bishiya miliyan ɗaya da aka soma a 2007 ya cika a 2015, kuma waɗancan ƙananan itatuwa yanzu sun kai shekarun neman aski. A 2023 majalisar birnin ta yi dokar da ke neman a tsara yadda inuwar bishiya za ta kai kashi 30 cikin ɗari na faɗin birnin, daga kimanin kashi 22 da aka auna a 2017. Duk bishiyar da aka dasa, an dasa wa wani aikin shekara hamsin.

To amma ga inda baƙo ke fara tuntuɓe. Bishiyar da ke ƙofar gida, tsakanin titi da hanyar masu tafiya a ƙasa, ba ta mai gidan ba ce. Ta birni ce, tana ƙarƙashin Hukumar Lambuna ta New York. Ba a sare ta, ba a rage mata reshe, ba a ma yin haƙa ko gini a cikin tazarar ƙafa 50 daga gare ta sai da takardar izinin hukumar. Wanda ya sare ta ba izini zai iya fuskantar tarar da ta kai dala 15,000, ko ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko duka biyun. Mai gida zai iya tare ka ya ce, "Ɗan rage min wannan reshen, yana rufe min taga," ya miƙo kuɗi a hannu. Amsar da ta dace ita ce ya kira lambar birni, 311, ya kai ƙorafinsa. Kasuwar mai zaman kansa tana cikin shinge: bishiyar tsakar gida, ta harabar coci ko masallaci, ta makaranta mai zaman kanta, ta rukunin gidajen haya. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya sauya lissafin inji, domin yawancin aikin da ƙaramin ɗan kwangila zai samu a bayan gida yake, inda babbar mota ba ta shiga.

Hanyoyin shiga aikin ba su da yawa, kuma ba daidai suke ba. Wadda ta fi kwanciyar hankali ita ce ta gwamnatin birni. Hukumar Lambuna tana da muƙamin mahayi mai gyaran rassa, ma'aikatan suna cikin ƙungiyar ƙwadago ta DC 37, da albashi tsayayye da inshorar lafiya da fansho. Hukumar ta daɗe tana fama da ƙarancin mahaya, har ta buɗe shirin horar da sababbi tana biyansu suna koyo. Sai dai ƙofar tana son cikakkun takardun izinin aiki, tana son lasisin tuƙa babbar mota, tana kuma son haƙuri da jiran tsarin ɗaukar ma'aikata na gwamnati. Bayan ita akwai manyan kamfanoni irin su Davey da Bartlett da SavATree, da kuma Asplundh da ya shahara wajen share rassa daga wayoyin lantarki. Su ne makarantar da yawancin mahaya suka fito daga cikinta. Suna ɗaukar mutum a matsayin ma'aikacin ƙasa: jan rassa, ɗura su a inji, riƙe igiya, tsare masu wucewa, share wuri. Sai ƙananan kamfanoni na mutum ɗaya da mota ɗaya da ma'aikata uku ko huɗu, waɗanda suka fi saurin ɗauka. A nan ne nake son matashi ya buɗe ido. A cikinsu akwai na kirki ƙwarai, akwai kuma masu biya a hannu ba tare da inshorar raunin ma'aikaci ba, alhali dokar jihar New York ta wajabta ta. Tambayi mai kamfanin kai tsaye ranar farko, ba kunya. In ya fara kame-kame, ka nemi wani wuri. Ƙafar da zarto ya taɓa a ƙasar nan, kuɗin asibitinta ya fi ƙarfin adashin unguwa gaba ɗaya.

Wanda bai taɓa riƙe almakashin reshe ba, akwai wata ƙaramar ƙofa da nake yawan nunawa. Ƙungiyar Trees New York tana ba da kwas na kimanin awa 12, wanda ya ci jarrabawarsa sai a ba shi lasisin gyara ƙananan bishiyoyin titi daga ƙasa da kayan hannu, a matsayin aikin sa kai. Ba ya kawo kuɗi. Amma a nan mutum zai koyi sanin itatuwa, da inda ake yanka reshe don ciwon ya rufe, kuma takarda ce da za ka nuna wa mai ɗaukar aiki ya san da gaske kake. Lambun tsirrai na Brooklyn, da ke nan kusa a bakin Prospect Park, shi ma yana ba da darussan kula da tsirrai. Babbar shaida a wannan sana'a kuwa ita ce ta ƙungiyar masana bishiya ta duniya, ISA, wadda ba a zama jarrabawarta sai da gogewar shekara uku a cikakken aiki, ko haɗin karatu da gogewa. Masu manyan gidaje a Ditmas Park sun san wannan shaida, suna tambayarta.

Ba na raina abin da ɗan ƙasarmu ya zo da shi. Wanda ya tashi yana ganin makiyayi a kan gawo yana sassabo wa dabbobi ganye da rani, ko ya ga yadda manoman Maradi tun shekarun 1980 suke zaɓen tohon kututture su bar masu ƙarfi su cire raunana har gonaki suka sake cika da itatuwa, ya san cewa sara iri-iri ne, akwai mai raya itace akwai mai kashe shi. Wannan ido jari ne. Abin da ya bambanta a nan shi ne abin da ke ƙarƙashin reshen: rufin gida, mota a fake, wayar wuta, yaro a kan keke. Reshe ba ya faɗuwa yadda ya ga dama. Ɗaure shi ake yi, a yanka, a sauke shi a hankali ta kan kura, na ƙasa yana sassauta igiyar da aka naɗa a jikin wani ƙarfe a gindin bishiyar. Na sama ba ya sakin komai sai ya yi kira na ƙasa ya amsa cewa wuri ya share. Rabin sana'ar a igiya take.

Shi ya sa kuɗin farko da mutum zai kashe ba na inji ba ne, na jikinsa ne. Hular kwano mai maɗaurin haɓa, tabarau, abin toshe kunne, takalmi mai ƙarfi, da wandon kariya mai zaren da ke cusa kansa cikin sarƙar zarto ya tsayar da ita kafin ta kai nama. Kamfanin kirki zai ba ka yawancin waɗannan. Idan ka fara hawa, sai ɗamarar zama, igiyar hawa, gajeriyar igiyar ɗaure jiki, da zarton hannu mai lanƙwasa irin na Silky. A nan ban yarda da kayan gwanjo ba ko kaɗan. Ba ka san faɗuwar da tsohuwar igiya ta taɓa tarewa ba, ba ka san man da ya zuba a kanta ba. Ƙa'idar tsaro ta wannan sana'a a Amurka, wadda ake kira Z133, ta ce mai yanka da injin zarto a sama ya kasance a ɗaure ta wuri biyu, don in ya yanke ɗaya bisa kuskure ɗayar ta riƙe shi. Wanda kuma ba a horar da shi kan aikin kusa da lantarki ba, kada shi ko kayan aikinsa su matsa ƙasa da ƙafa 10 daga wayar wuta. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta. Idan rassa sun shiga wayoyin kamfanin lantarki na Con Edison, wannan ba aikinka ba ne.

Yanzu sai zarton. Iri biyu mai aikin birni ke buƙata. Akwai ƙarami mai mariƙi a sama, irin Stihl MS 201 T ko Husqvarna T540 XP ko Echo CS-2511T, wanda aka ƙera don mahayi a cikin bishiya. Mutane na sha'awarsa saboda rashin nauyi, sai su saye shi su riƙa yanka da hannu ɗaya a ƙasa, wanda shi ne hanya mafi sauri zuwa ɗakin tiyata. Akwai kuma matsakaici mai mariƙi a baya, irin Stihl MS 261 ko Husqvarna 550 XP, mai takobi inci 16 zuwa 20, wanda zai yi yawancin aikin ƙasa. Manya irin MS 500i ko 572 XP sai ranar da za a kayar da ƙaton gungume, kuma wannan rana ba ta zuwa kullum. In guda ɗaya mutum zai fara saya, matsakaicin ya dace da shi.

Gardamar Stihl da Husqvarna kuwa, ma'aikata ba sa gajiya da ita, amma ni ban ga ta cancanci dogon zance ba. Dukansu injuna ne nagari a ajin ƙwararru. Abin dubawa shi ne wane dila ne ya fi kusa da kai, yana da kayan gyara a kan kanta, kuma makanikensa zai duba maka inji cikin kwana biyu ko sai bayan mako uku. Injin da ke jiran kayan gyara ba ya ciyar da kowa. Kada kuma a ruɗe da masu araha na manyan kantuna da aka yi don mai gida da ke yanka itace sau biyu a shekara. Aikin yini guda-guda yana cinye su.

Batun batir ya fi wannan muhimmanci a unguwa irin Flatbush. Ƙananan zartunan batir, irin Husqvarna T540i XP, sun kai matsayin da mahaya da yawa suka koma kansu don gyaran rassa. Ba jan igiyar tayarwa kana rataye a sama, ba hayaƙi a fuska, kuma da ka saki maɗanni shiru ya dawo, kana jin na ƙasa yana jin ka. A tsakar gidan da tagogi goma ke kallonsa, rashin ƙara yana rage rigima da maƙwabta. Rauninsu shi ne tsadar batir, da raguwar ƙarfinsa a tsananin sanyi, da kuma cewa manyan yanka har yanzu na fetur ne. Mai injin fetur ya kiyaye haɗin mai, kashi 50 na fetur da kashi 1 na man inji mai bugu biyu, kuma kada ya bar fetur ɗin gidan mai ya kwana watanni a tanki, don sinadarin etanol da ke cikinsa yana jan ruwa ya lalata kafireto. Sannan ya koyi wasa sarƙa da hannunsa. Ka dubi abin da zarto ke fitarwa: in ɓarɓashi ne manya-manya, sarƙa na da kaifi, in ya koma gari, tsaya ka ɗauko magagari. Dakusasshiyar sarƙa ce ke sa mutum dannawa da ƙarfi, gajiya ta zo, kan takobi ya taɓa abin da bai kamata ba, injin ya yi tsalle ya dawo wa fuska.

Manyan injuna su ne inda jari ke nutsewa. Injin markaɗa rassa irin Vermeer BC1000XL ko na Bandit ko Morbark, mai haɗiye reshe har kaurin inci 12, sabonsa dubun-dubatar daloli ne, kuma yana son motar da za ta ja shi da akwatin da zai feso ɓarɓashin a ciki. Sai ka tambayi kanka: ina za su kwana? Dokar birnin ta hana ajiye motar kasuwanci a titin unguwar zama daga ƙarfe 9 na dare zuwa 5 na asuba, don haka sai ka kama hayar fili, kuma fili a Brooklyn ba arha ba. Motar kasuwanci ba ta hawa manyan hanyoyi irin Belt Parkway. Motar da nauyinta da kaya ya kai fam 26,001 tana son lasisin babbar mota. Ɗibar sharar aiki a kai ta juji yana son rajista da hukumar birni mai sa ido kan masu kwasar sharar kasuwanci, jujin kuma biya ake yi. Mota mai kwandon ɗaga ma'aikaci tana da kyau a bakin titi, amma ba ta da amfani a bayan gidan East Flatbush. Can ma'aunin komai shi ne faɗin ƙofar shinge, wadda sau da yawa ba ta wuce inci 36 ba. Saboda haka ne ƙananan injunan cin kututture da na ɗaukar gungume masu tafiya a kan sarƙa, da abin ɗaga mutum mai ƙafafu huɗu da ke naɗewa ya bi ta lungu, suka fi dacewa da nan. Ka je da awo a aljihu kafin ka faɗi farashi. Kuma kafin a ci kututture, a kira 811 a zo a nuna inda bututun gas da wayoyin ƙasa suka bi.

Ra'ayina a nan a fili yake: shekara biyu ko uku na farko, yi aiki da injin wani. In ka fara karɓar aikin kanka, ɗauki hayar injin markaɗa da na kututture a ranar da kake buƙata, ka sa kuɗin hayar cikin farashi. Ranar da littafinka ya nuna kuɗin haya na wata ya zarce abin da mallaka za ta ci, har da fili da inshora da gyara, ranar ce ta saye. Wannan ya fi sauƙi ga wanda ke gudun bashi mai ruwa, kuma ya fi aminci ga wanda zai zuba kuɗin adashin 'yan'uwa. Inji yana cin kuɗi ko yana aiki ko yana kwance, kamar doki a turke.

Mutane kan ce a jira guguwa, a nan kuɗi yake. Gaskiya ne waya ba ta hutawa bayan iska mai ƙarfi, kamar yadda aka gani bayan guguwar Sandy a Oktoban 2012, wadda a nan Ditmas Park bishiya ta faɗa wa matasa biyu ta kashe su, da kuma bayan guguwar Isaias a Agustan 2020. Amma itacen da iska ta kayar shi ne mafi haɗari. Yana danne ne a kan wani abu, akwai ƙarfi a ɗaure cikinsa, yanka ɗaya a gurbin da ba daidai ba sai gungume ya harbo. Sabon shiga ba shi da abin yi a nan sai a bayan gwani. Haka ma matattun bishiyoyin ash. Ƙwaron da ke kashe su ya bayyana a Prospect Park a 2017, kuma itacen da ya kashe yana yin gautsi, yana karyewa ba gargaɗi. Ƙwari ma suna da dokarsu. Wani ƙwaro mai dogayen ƙahoni daga Asiya, da aka fara gani a Greenpoint a 1996, ya sa an sare dubban bishiyoyi kafin a ayyana birnin ya rabu da shi a 2019. Har yau jihar New York ta hana kai itacen wuta da ba a gasa ba nesa da mil 50 daga inda aka sare shi. Wanda kuma ke son yi wa bishiya allura ko feshi don kuɗi, sai da lasisin hukumar muhalli ta jiha.

Aikin gandun daji na sosai, wato sarar katako da kula da dazuka, ba a Brooklyn yake ba. Yana can arewacin jihar, a tsaunukan Catskill inda ruwan shan birnin ke fitowa, da Adirondack. Mai sha'awarsa ya dubi makarantar Ranger School da ke Wanakena, wadda aka kafa a 1912, ko kwalejin Paul Smith's. Injunan can na kamfanoni ne, ba wanda ke sayensu da kuɗin aljihu, abin da ake nema shi ne mai iya sarrafa su da gyara su. A sani kuma cewa alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun daɗe suna sa sarar katako a sahun gaba na ayyukan da suka fi kashe ma'aikata.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: azumi. Idan Ramadan ya faɗo a zafi, hawa bishiya da zarto ba tare da ruwa ba ba ƙaramin abu ba ne, kuma jiri a sama ba ya ba da dama ta biyu. Yi magana da shugaban aiki tun kafin wata ya kama, ka nemi aikin ƙasa ko na sassafe. Yawancinsu sun fi son ka faɗa da a sauko da kai.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kana Flatbush kana tunanin wannan sana'a, ajiye kuɗin zarton tukuna. Gyara lasisin tuƙinka, ka soma karatun na babbar mota. Yi rajistar kwas ɗin Trees New York. Duba shafin ɗaukar ma'aikata na birnin, ka kuma kai takardarka kamfanoni biyu ko uku masu inshora ka ce kana neman aikin ƙasa. Sun fi ɗauka gab da bazara, daga watan Maris zuwa Afrilu.